Jimlar da ta kai kakanku Tchake

Ku duka kun tashi kuna jin ana cewa kakanku na wajen uwa ya taɓa riƙe babbar makaranta a ƙasar Tasawa, daga baya aka sauke shi aka jefa shi wani ɗan lakwal, wato ƙaramar makaranta, mai aji biyu a daji, gaba da Tchake. Na san kuma abin da ake raɗawa a wurin biki da zaman makoki. Wasu su ce hatsi ne ya ɓace a hannunsa, wasu su ce tsoro ne ya yi masa yawa har manya suka gaji da shi. Shi bai taɓa gyara zancen ba har ya koma ga Ubangijinsa. Uwarku ma ba ta gyara ba, ta ce ba nata ba ne. Gaskiyarta, nawa ne. Yanzu da ido ya fara raguwa, na ga in ban faɗa ba za a rufe ni da shi. Ko ƙwayar gero ɗaya ba ta ɓace a hannun kakanku ba. Abin da ya kai shi can jimla ɗaya ce da na rubuta da alli a kan allo, a cikinta kuma akwai wata kalma ta Ingilishi.

Ina saurayi aka turo ni makarantarsa in koyar da Ingilishi. Lokacin mulkin soja ne, kaina kuwa cike yake da littattafai da zafin jini. Ban san kowa a garin ba. Ranar da na kai takardata, ya karanta ta sau biyu, ya tambaye ni ɗan wane gida ne a Hawandawaki, da na faɗa masa sai ya ce ya san mahaifina, sun taɓa kwana rumfa ɗaya a kasuwar Kona. Da yamma ya sa aka share mani ɗakin da ke jikin zauren gidansa. Tun daga ranar tukunyarsu ta zama tukunyata. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuma zan fara a takarda ba. A makaranta Mushe Direkta muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malami mushe. A gida ina ce masa Baba.

Ku kun san shi da tsufa, ba ku san shi da ƙarfinsa ba, amma bambancin kaɗan ne. Riguna uku gare shi na aiki, duk kalar ƙasa, kuma ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa sai ya ɓalle maɓalli har wuya. Ba ya sa hannu a takarda sai ta kwana. In ka yi masa tambaya sai ya dubi ƙasa, ya daɗe, har ka zaci bai ji ba. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba, ko ruwa ya tsuge. Kakarku, Inna Tasalla, ita ce akasinsa. Muryarta daga madafa take kaiwa bakin titi, kuma ita kaɗai ke iya tsokanarsa.

"Malam, tuwon ma sai ya kwana kahin ka sa mai hannu?"

Sai ya yi ɗan murmushi ya ci gaba da wanke hannu. Uwarku a lokacin ta fara koyarwa a lakwal ɗin ƙananan yara. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai kuma in ta aje mani kwano a bakin ƙofa.

Shekarata ta biyu a gidan damina ta ƙi. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. An rufe iyaka ta kudu, hatsin da ke shigowa daga Katsina ya yanke. Kafin bazara mutanen arewa suka fara gangarowa, masu shanu da ba su da sauran shanu, mata da ƙorai a kai ba komi ciki. Wasu suka sauka bayan katangar makarantarmu, ƙarƙashin itatuwan gawo, suka kafa ƴan bukkoki da tsumma da kara. Daga ajina ina jin tarin yaransu.

A cikin makarantar akwai mangaza, inda ake ajiye hatsin ciyar da ɗalibai ƴan ƙauye. Wannan shekara kusan rabin ƴan ƙauyen sun bi iyayensu ci-rani, ba su dawo ba, saboda haka buhunan jar dawa suna nan jibge, sun fi bakin da ke cinsu. Mabuɗin yana aljihun kakanku. Na same shi a biro, wato ofishinsa, na ce a buɗe a ba mutanen bayan katanga. Ya ce hatsin ba nasa ba ne, amana ce, ya riga ya rubuta wa na sama da mu yana neman izini. Bayan mako guda na koma. Ya ce ya sake rubutawa. Na ce masa yunwa ba ta iya karatu ba. Ya dubi ƙasa ya daɗe.

"Mushe Lawali, in na buɗe yau ba takarda, gobe a kawo wani shi riƙe mabuɗin. Ban san ko wane ne ba. Ka san shi?"

Ban san shi ba, amma ban yarda ba. Kullum da safe ina ganin Inna Tasalla tana fita da babbar roba ta kunu tana kaiwa bayan katanga, ina kuma lura tuwon gidan yana ƙanƙancewa. Na ɗauka aikin Inna ne ita kaɗai. Ban tambayi kaina wa ke buɗe rumbun gidan yana auna mata ba.

Cikin matan akwai wata Habsatu, ta zo daga wajen arewacin Mayahi da ƴarta a goye. Inna ta saba da ita, har tana shigowa gida ta taya ta surfe. Wata safiya ƴar ta rasu. Inna ce ta yi mata wanka. Da ta dawo ta zauna a kan turmi ba ta ce komi ba, ni kuwa ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba. Na dubi kakanku. Yana ɓalle maɓallin wuyansa zai tafi aiki, kamar kowace rana. Da haushinsa na shiga aji.

Ran nan muna karanta wani ɗan labari da manyan ɗalibai, sai muka ci karo da kalmar staid. Wata ɗaliba ta tambayi ma'anarta. Na ce musu sifa ce, ana faɗarta ga mutum mai natsuwa da taka-tsantsan har abin ya so ya yi yawa, wanda ba ya son sabon abu, ba ya gaggawa, ba ya shewa, tufafinsa ma ba su da hayaniya. Na ce ana iya faɗarta ga gari, ko ga sutura, ko ga taron da aka yi aka watse ba wanda ya ɗaga murya, amma ba a faɗarta ga jariri ko ɗan akuya. Suka yi dariya. Wani ya ce ashe dattijo ke nan. Wata ta ce a'a, mai nawa dai. Na ce su zuba dattako da nawa a ƙwarya ɗaya su dama, abin da ya fito shi ne. Ba zagi ba ce kai tsaye, na ce, amma mai faɗarta yakan faɗa da ɗan murmushi a gefen baki. Da na tsaya nan da lafiya lau. Sai na ce bari in ba su misali, na juya na rubuta da Ingilishi abin da in an mayar da shi Hausa zai zama: shugabanmu mutum ne staid, ko gida na cin wuta ba ya motsi. Ajin ya yi tsit, sannan aka fara ƙyalƙyala ƙasa-ƙasa. Kowa ya san wanda nake nufi. Suka kwafe a kayensu, wato littattafan rubutunsu, kamar yadda na koya musu su kwafe duk abin da ke allo.

Ku da kuka tashi kuna zagin gwamnati a rediyo ba za ku gane ba. A wancan zamani ko a cikin ɗakinka sai ka rage murya. Kowa ya san wani malami ko wani ma'aikaci da mota ta zo ta ɗauka, iyalinsa suka yi shekaru ba su san inda yake ba. Kwana uku bayan darasin, ina tsakiyar aiki da hantsi, jandarma biyu, jami'an tsaro, suka tsaya a ƙofar aji suka ce kumanda yana son ganina.

Suka zaunar da ni a kan banci a baranda tun hantsi har aka yi azahar. Da aka shigar da ni, na ga kaye ɗaya buɗe a kan tebur, da jimlata an ja mata layi da jan biro. Kumandan mutum ne siriri, ba ya ɗaga murya. A gefe sakatarensa na zaune gaban mashin ɗin buga takarda. Kumandan ya ce wanda ya kawo kayen uban wani ɗalibi ne, ya yi shekaru yana fatauci a Kano, yana jin Ingilishi. Shi ya fassara masa: shugabanmu ya zauna ya daɗe, ƙasa tana ƙonewa ya ƙi tashi.

Nan take na gane abin da ya faru. Akwai wata kalma, stayed, mai nufin ya zauna ko ya tsaya a wuri. A baki ita da staid ba su da bambanci ko kaɗan, a rubuce ne suka rabu. Mutumin da kunne ya koyi Ingilishinsa, abin da ya sani ya ji. Kalmar shugaba kuwa da na yi amfani da ita tana hawa kan kowa, daga mai unguwa har shugaban ƙasa da ke Yamai. Na fara bayani ina haɗa Faransanci da Hausa. Kumanda ya bar ni na gama.

"To na ji. Wane shugaba?"

Na ce misali ne kawai, ba kowa.

"Mushe, ni ban yi dogon karatu ba, amma na san ba a ɗinka riga sai da mai sawa. Wane shugaba?"

Na yi shiru. Ba jarunta ba ce. Kunya ce ta riƙe mani harshe. Ta yaya zan ce mutumin da nake kwana a zaurensa, nake cin tuwonsa, shi na mayar abin dariya gaban yara? Kumanda ya ce tunda haka ne shi ba zai yanke ba, zai tura ni Maradi da kayen, can akwai masu lokaci. Na san ma'anar wannan.

Ta taga na hango kakanku yana ratso filin. Rana tsaka, rigarsa ɓalle har wuya, da wani abu a hammata naɗe cikin ƙyalle, yana tafiyarsa ta kullum kamar mai zuwa ɗaurin aure. Allah Ya gafarta mani, har a wannan hali sai da na ji haushin tafiyar. Ya yi sallama, ya nemi izini, ya jira aka ce ya zauna. Sannan ya kwance ƙyallen. Wani tsohon ƙamus ne na Ingilishi da Faransanci, bangonsa ya cinye. Sai ranar na san ya yi ƙuruciyarsa a Kano wajen kawunsa, ya yi makarantar can kafin a dawo da shi. Shekara biyu ina gidansa ina taƙama da Ingilishi, bai taɓa nuna mani yana ji ba.

Ya buɗe shafin da ya riga ya sa wa tsinke, ya juya littafin wajen kumanda, ya ɗora yatsa. Ya karanta masa fassarar da Faransanci ɗaya bayan ɗaya: mai natsuwa, mai kamun kai, wanda bai cika sakin jiki ba. Ya buɗe wani shafin ya nuna masa ɗaya kalmar, ya sa shi ya ƙirga haruffan kowace da kansa. Kumanda ya duba ya sake dubawa.

"Ba su da dangantaka ke nan?"

Na roƙi Allah a zuciyata ya ce babu. Ya dubi ƙasa.

"Suna da ita. Asalinsu ɗaya, daga zama wuri guda ne. Amma kumanda, in ɗan'uwan mutum ya yi laifi ba a kama mutum. Wadda yaron nan ya rubuta hali take faɗi, ba daɗewa a kujera ba."

"Halin wa?"

"Nawa. Ni ne shugaban makarantar. Dube ni da kyau, ka sake duba littafin."

Sakataren ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Kumanda ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Kakanku bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na zaci an gama, sai kumanda ya ɗora yatsa a kan rabin jimlar na biyu.

"Saura gidan da ke cin wuta. Wane gida ne?"

Nan ne wurin da nake so ku tsaya ku fahimta. Yana iya cewa salon magana ne, yaro ya ga ba ni da sauri ya ƙara gishiri. Wataƙila a karɓa, wataƙila a ƙi. Ya yi shirun nan nasa, mafi tsawo da na taɓa gani. Sannan ya faɗi komi. Ya faɗi mutanen bayan katanga, da hatsin da ke mangaza, da wasiƙu uku da ya rubuta cikin kwana ashirin da wani abu ba amsa, da gardamar da muka yi a biro, da ƴar Habsatu. Bai zargi kowa ba, bai ƙara ko kalma ba. Kumanda ya ɗaga wa sakatare hannu ya daina bugawa.

"Mushe Direkta, ka san inda takardar nan za ta?"

"Na sani."

"In na rubuta an yi kwana ashirin ba a amsa maka ba, wani zai ji kunya a sama. Ba a kuwa ba manya kunya a kwana lafiya."

"A rubuta. In ba a ga wutar ba, ba mai yarda da sauran zancen, yaron nan kuma ya tafi ke nan. Ubansa ni ya sani a garin nan."

Mashin ya ci gaba da ƙara. Da aka gama aka miƙa masa ya sa hannu. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya gyara wani harafi, ya sa hannu nan take. Ita ce takarda ta farko da na ga ya sa wa hannu ba ta kwana ba. Kumanda ya ce in tafi, in kuma riƙa ba yara misali da raƙumi da jaki.

Muka taho gida tare, shi a gaba ni a baya. Na yi ta haɗa maganar da zan faɗa tana warwarewa. Da muka kusa ƙofa na ce, "Baba." Ya ce la'asar ta yi, mu yi alwala. Cikin gida kuwa labari ya riga mu. Inna ta tare ni a tsakar gida da muciya a hannu.

"Kai ɗan Hawandawaki! Mu muna nan hanjinmu ya ƙulle, ashe kai bakinka ne ya kai ka? Shekara talatin ina hwaɗa mai ya cika nawa, ka taɓa jin an kira ni wajen jandarma? Ni a gabanshi nike hwaɗi, ba a allo ba!"

Ta faɗa tana share hawaye da gefen zane, sannan ta tura mani kwano ta ce in ci. Uwarku kuwa sai washegari ta yi mani magana, da ta zo ɗaukar kwanon.

"Mushe Lawali, kunun da Inna ke kaiwa, ka san daga ina yake?"

Na ce daga gida.

"Rabon Baba ne. Tun watan jiya sau ɗaya yake ci. Ya hana a faɗa maka don kada ka rage naka, wai kai yaro ne, kana tsaye gaban aji yini guda."

Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Ban taɓa shan mari irin wannan ba.

Kwana huɗu bayan haka izini ya zo. Aka buɗe mangaza, kakanku da kansa ya tsaya ana aunawa, mata suna layi da ƙorai. Habsatu ba ta ciki, ta riga ta yi gaba, ba mu sake jin labarinta ba. Kafin wata ya cika wata takardar ta zo. Ba a ce ya yi laifi ba, irin waɗannan takardu ba su faɗin haka. An dai ce ana bukatar gogewarsa a wani lakwal na ƙauye a ƙasar Mayahi. Ni ba a taɓa ni ba. Na je na ce masa zan rubuta in ce ni ya kamata a tura. Ya ce in na rubuta, na ɓata abin da ya gyara. Suka ɗora kayansu a babbar motar ƴan kasuwa, Inna da akuyarta guda da ta rage, uwarku kuma ta koma gidan gwaggonta don aikinta yana nan. Maƙwabta suka ga an buɗe mangaza, suka ga an sauke mai mabuɗi, suka haɗa biyun suka ƙulla nasu labarin. Shi ne wanda ya iso kunnenku. Na ji ana faɗinsa tun a lokacin, ban kuma tashi na ƙaryata ba, don in na ƙaryata sai na faɗi nawa. Wannan ma laifina ne, na biyu.

Da aka yi hutu, ruwa ya sauka, damina mai kyau ta farko bayan wahala. Na hau mota zuwa Mayahi, daga can na bi amalanken jaki cikin rairayi har Tchake, na ƙarasa da ƙafa. Na same shi a gona bayan lakwal, da hauya a hannu. Ajin nasa ɗaya na laka ne, ɗaya rumfar zana. Ya rame, amma ya tarbe ni kamar jiya muka rabu. Na kwana shida ina taya su noma. Inna ta riga ta san sunan kowace mace a ƙauyen da na kakarta, tana faɗa da su kan guga a bakin rijiya kamar can aka haife ta. Kullum ina neman inda zan sa maganata, kullum yana kawo zancen iri ko na yaran da yake so iyayensu su bari su zo aji.

Ranar da zan koma ya raka ni har bakin hanya. Muka tsaya gindin wata aduwa. Na durƙusa na ce ya yafe mani. Ya ce in tashi, ƙasa da danshi.

"Na yafe tun a gaban kumanda. Kalmar ma ba ƙarya ka yi ba, na duba ta da kyau, ta yi mani daidai kamar an gwada. Abin da ban so ba, ka koya wa yara yi da mutum a bayan idonsa."

Na zaci ya gama, sai ya ci gaba.

"Ƴar matar nan kuwa, Lawali, ba dare ba rana tana raina. Da na buɗe tun zuwanka na farko, ko da ta rayu? Ban sani ba. Na auna na auna, na ga in na buɗe za a karɓe mabuɗin, a ƙarshe ga shi an karɓe. Kada ka ɗauka don na fitar da kai ni ke da gaskiya a wancan zance. Allah kaɗai Ya san wanda ke da ita. Zafin nan naka kada ka zubar da shi. Ka dai koya masa inda zai tsaya."

Shekara arba'in ke nan ina juya maganar nan, ban kuma san wanda ke da gaskiya ba har yau. Abin da na sani, da bai ratso filin nan da ƙamus a hammata ba, da babu ni a nan, da babu ku. Ya yi shekara tara a ƙauyen har ya yi ritaya, bai taɓa neman a mayar da shi ba. Cikin yaran rumfar zanan nan akwai wanda ya zama likita, shi ya riƙe hannunsa a ciwonsa na ƙarshe. Ni kuwa na ci gaba da koyar da Ingilishi har na tsufa, na koyar da kalmar nan sau da yawa, da raƙumi nake ba da misali.

Bayan kaka biyu na tura baffannina daga Hawandawaki su nema mani auren uwarku. Kafin nan na tambaye ta, ta ce in Baba ya yarda ita ba ta da ta cewa, amma in sani ita ba allo ba ce, abin da zan faɗa in faɗa mata a ido. Baffa Isa ne ya ba ni labarin yadda aka yi. Sun zauna a tabarma ƙofar gida, aka gaisa, suka faɗi abin da ya kawo su. Kakanku ya dubi ƙasa. Ya daɗe har Baffa ya fara tunanin ko an ƙi ne. Can ya ɗago ya ce magana ce babba, a ba shi kwana uku ya yi shawara. Sai muryar Inna ta fito daga bayan danga, har kajin gidan suka watse.

"An ba shi! Ku tashi ku kai mashi albishir. Wanga bawan Allah in kunka biye mai, sai ɗiyata ta yi hurhura tana jira!"

Baffa ya ce kakanku ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, kun dai ji shawarar." Sannan ya ɗaga hannu aka yi fatiha.